Masu Auna Gubar da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da gogaggen dillalin hatsi a kasuwa irin ta Dawanau ya san akwai ilimin da ba a aji ake koyonsa ba. Mutum zai soka ƙarfe a jikin buhu, ya tari 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya murza, ya shinshina, ya jefa ɗaya a baki ya gatsa. Nan take zai gaya maka ta bana ce ko ta bara, ta bushe ko da sauran danshi, ƙwaro ya fara shiga ko bai fara ba. Da wuya ya kuskure. Dama an ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Sai dai akwai abin da ke wuce wannan idon, komai gogewarsa. Sunansa aflatoksin. Guba ce da wata funfuna da masana ke kira Aspergillus flavus, da 'yar'uwarta Aspergillus parasiticus, suke bari a cikin gyaɗa da masara da dawa da angurya da busasshen barkono. A cikin ƙasar gona funfunar take zaune, kuma zafi da danshi take so, wato irin yanayin da muke rayuwa a ciki. Ƙwayar da ta ruɓe sosai takan canja launi ta yi ɗaci, wannan kowa zai gane. Inda gizo ke saƙar shi ne hatsi zai iya zama fes, ba wari ba ɗaci, alhali gubar da ke cikinsa ta ninka abin da doka ta yarda da shi sau goma ko fiye. Tafasa ba ta kashe ta, suya da gashi kuwa ragewa kawai suke yi.

Akwai mutanen da kama wannan guba ita ce sana'arsu: masu ɗibar samfuri a ɗakunan ajiya da tashoshin jiragen ruwa, da masu gwaji a ɗakunan bincike, da masana cututtukan shuka. Na'urorinsu abin kallo ne, amma abin da ya fi burge ni shi ne horon da suka yi wa kansu. Ba sa yarda da abin da ido ya gani, ba sa yarda da abin da tafi guda ya ɗebo, kai ko sakamakon da ya fito daga hannunsu ba sa yarda da shi sai sun titsiye shi ya kare kansa.

Yadda aka fara gano ta

A shekarar 1960 wata annoba ta faɗa wa gonakin kiwon talo-talo a kudanci da gabashin Ingila. 'Yan tsakin suka daina cin abinci, jiki ya yi laushi, fikafikai suka saki, suka riƙa mutuwa cikin 'yan kwanaki. Kafin a ankara an yi asarar fiye da 100,000. Likitocin dabbobi suka feɗe gawarwakin, suka tarar hanta ta lalace. Suka nemi ƙwayar cuta mai yaɗuwa, ba su samu ba. Suka gwada gubobin da aka sani a lokacin ɗaya bayan ɗaya, duk babu. Don rashin sanin musabbabi aka laƙaba mata suna cutar X ta talo-talo.

Sai masu bincike suka koma kan tambaya mafi sauƙi: me tsuntsayen da suka mutu suka ci wanda masu rai ba su ci ba? Bin sawun abincin daga gona zuwa masana'anta ya kai su ga garin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da shi daga Barazil. Ana cikin haka aka ji irin wannan mutuwa ta afka wa 'yan agwagwa a gabashin Afirka, su ma tunkuzar gyaɗa aka ba su, amma ta yankin. Ashe matsalar ba ta ƙasa ɗaya ba ce.

Ba su da na'urar da za ta nuna musu gubar da ko suna ba ta da shi, sai suka mayar da ɗan agwagwa mai kwana ɗaya ma'auninsu, domin hantarsa tana saurin nuna alama. Su jiƙa tunkuzar a sinadari, su raba ruwan kashi-kashi, su ɗura wa 'yan agwagwa kowane kashi daban, su ga wanne ne ke lalata hanta. Wanda ya lalata, su sake raba shi. Haka suka yi ta matse abin har suka lura cewa kashin da ke kisa yana walƙiya idan aka haska shi da fitilar ultrabayolet a cikin duhu. A 1961 masu bincike na cibiyar Tropical Products Institute da ke Landan, tare da na ɗakin binciken dabbobi na Weybridge, suka nuna cewa funfuna ce ke samar da gubar. A 1963 ayarin George Büchi da Gerald Wogan a MIT ta Amurka suka fitar da ainihin ginin sinadarin. Walƙiyar nan ce ta raba gubar gida-gida: masu shuɗin haske aka kira su B1 da B2, masu kore G1 da G2. B1 ce ta fi muni, kuma idan saniya ta ci ta a abinci, jikinta yakan juya ta zuwa M1 ta fito a cikin madara.

Abin da take yi wa mutum

Ana auna aflatoksin da maikrogiram a kowane kilo, wato kashi ɗaya cikin biliyan. Amurka ta tsayar da iyakarta a 20. Tarayyar Turai, ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, ta ce jimla kada ta wuce 4, B1 ita kaɗai kada ta wuce 2. Maikrogiram 4 a kilo daidai yake da giram 4 a cikin tan 1,000 na gyaɗa. Wannan shi ne ƙanƙantar abin da ake nema.

Idan aka ci ta da yawa a lokaci guda, hanta ce ke tsayawa: amai, ciwon ciki, kumburin ƙafafu, shawara, sannan mutuwa. Haka ta faru a Kenya a 2004, musamman a gundumomin Makueni da Kitui. Fari ya wahalar da masara a gona, ruwa kuma ya sauka ba a kan lokaci ba ana cikin girbi, mutane suka adana amfaninsu da sauran danshi. Mutum 317 aka ƙirga sun kamu, 125 suka rasu. Jami'an lafiyar Kenya da na cibiyar CDC ta Amurka suka bi kasuwanni 65 suka ɗebi samfurin masara 350. Kashi 55 cikin ɗari sun haura 20, kashi 7 cikin ɗari kuwa sun haura 1,000.

Wadda ta fi yawan ɓarna ita ce ta kaɗan-kaɗan, ta kowace rana, shekara da shekaru. Tabbatar da illar irin wannan yana buƙatar haƙuri na daban. Tsakanin 1986 da 1989 masu bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka karɓi jini da fitsarin maza 18,244, suka adana, suka jira. Da wasunsu suka kamu da ciwon dajin hanta, sai aka ɗauko tsohon fitsarinsu aka kwatanta da na tsararrakinsu masu lafiya. Wanda aka ga alamar gubar a fitsarinsa, hatsarin kamuwarsa ya ninka kusan sau 3. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kusan sau 7. Wanda ya haɗa biyun, kusan sau 60. Wannan lissafi namu ne, domin ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a Afirka ta Yamma. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Lyon ta sanya aflatoksin a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan'adam.

Sai kuma yara. A wani bincike da aka buga a 2002, Yun Yun Gong da abokan aikinta sun auna jinin yara 480 a Benin da Togo, suka ga alamar gubar a jinin kashi 99 cikin ɗari. Yaran da aka yaye sun fi masu shan nono yawanta, waɗanda suka tsumbure kuma sun fi masu girma daidai da shekarunsu.

A bakin buhu ake ci ko a faɗi

Wanda bai san aikin ba zai zaci wahalar tana wurin na'ura. Masu sana'ar sun san tun wurin ɗiba magana take ƙarewa. Gubar ba ta bazuwa daidai-wa-daida a cikin kaya. A ƙwayar gyaɗa dubu, wataƙila ɗaya ce kawai ke ɗauke da ita, sauran lafiyarsu ƙalau, amma ita waccan ɗayar ta sha har wuya. An taɓa auna ƙwaya guda aka tarar ƙarfin gubar da ke cikinta ya haura maikrogiram miliyan ɗaya a kilo. Ƙwaya irin wannan mai nauyin rabin giram, idan aka niƙe ta cikin kilo 25 na gyaɗa mai tsabta, ta isa ta kai garin duka zuwa 20. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, a nan lissafi ne tsantsa.

To ka ga hatsarin. Idan mai ɗiba ya cika tafi ɗaya daga buhun da ke bakin ƙofa, ko dai ya tsallake miyagun ƙwayoyin ya wanke kaya mai guba, ko ya ci karo da guda ɗaya ya yanke wa kayan manomi masu kyau hukunci. Duka biyun zalunci ne. Thomas Whitaker, injiniya a ma'aikatar noma ta Amurka, ya shafe shekaru masu yawa yana ɗibar samfuri barkatai daga kaya ɗaya, yana auna yadda sakamakon ke saɓa wa juna. Abin da ya tabbatar shi ne kaso mafi tsoka na kuskure daga ɗiba yake fitowa, na niƙa da rage samfuri ya biyo baya, na na'ura ne mafi ƙanƙanta. A kan irin wannan lissafi aka gina ƙa'idojin da duniya ke bi. Hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a tara kilo 20 na ɓararriyar gyaɗa domin gwaji ɗaya. Turai, idan kaya mai yawa ne, ta ce a ɗiba sau 100 daga wurare daban-daban.

Saboda haka gwanin ɗiba ba ya ganda. Zai sa a sauke buhunan sama domin ya kai ga na ƙasa da na tsakiya da na jikin bango, inda danshi ke taruwa. Zai soka ƙarfensa a kai da ciki da gindin buhu. Idan zuba kayan ake yi ta injin, zai riƙa tara a kan lokaci tsayayye daga farkon zubi har ƙarshe. Ba ya barin mai kaya ya zaɓar masa buhu. Ƙwayar da ta yi masa muni ba ya tsince ta ya yar, ba ya kuma farautarta da gangan, abin da ƙarfe ya kawo shi ne nasa. Sannan ya killace samfurin a bushe, domin kada funfunar ta ci gaba da aiki a hanya ta ƙara wa kayan laifin da ba su da shi.

Daga kilo 20 zuwa 'yan ɗigo

A ɗakin gwaji, samfurin nan gaba ɗayansa ake niƙewa, ba a ɗibar rabi a bar rabi. Wasu ma sukan dama shi da ruwa ya zama ƙullu, domin mummunar ƙwayar nan guda ta rarrabu ko'ina. Daga ciki sai a auni giram 50 ko 100, a zuba cikin ruwan da aka gauraya da sinadarin metanol, a girgiza, a tace. Gubar ta fito cikin ruwa ke nan, amma tare da ita akwai mai da launi da ɗaruruwan sinadaran abinci da za su rikita awo.

Dabarar raba ta da su tana cikin abubuwan da suka fi ƙayatar da ni. Ana ɗigar da ruwan ta cikin wani siririn bututu da aka cika da irin sunadaran da garkuwar jiki ke ƙerawa, waɗanda aka samar musamman domin su gane siffar aflatoksin ita kaɗai. Komai zai wuce, ita za a cafke ta. A wanke bututun da ruwa, sannan a zuba metanol tsantsa, sunadaran su sake ta, ta faɗo cikin 'yar kwalba a tsarkake. Daga nan na'urar HPLC ta tura ta cikin wani bututun mai matsi, inda 'yan'uwan huɗu ke rabuwa, kowace ta fito a lokacinta, haske ya doke ta, ta yi walƙiyar da aka san ta da ita tun zamanin 'yan agwagwa. Ƙarfin walƙiyar ake kwatantawa da na gubar da aka riga aka san adadinta. Manyan ɗakunan gwaji suna da na'urar da ke auna nauyin ƙwayar sinadarin kanta, wadda a zubi ɗaya za ta iya kama gubobin funfuna iri-iri.

Akwai kuma ƙaramin gwaji na tafi-da-gidanka, ɗan tsinken takarda da ake tsomawa cikin ruwan da aka tace a kasuwa ko a gona, ya ba da amsa cikin 'yan mintuna. Karatunsa a juye yake: yawan guba shi ke dusashe layin, layi mai kaifi alamar tsabta ce. Shi ma bai fi samfurin da aka ba shi gaskiya ba.

Zargin kai

Mai gwajin kirki kansa yake fara tuhuma. Tare da samfurin mutane zai saka kwalbar da babu komai a ciki sai sinadari, idan ta nuna guba ya san kayan aikinsa ne suka gurɓata. Zai ɗauki gari mai tsabta ya zuba masa adadin gubar da ya sani, ya bi da shi ta duk matakan, ya ga nawa zai dawo masa. Idan abin da ya dawo ya gaza ƙa'ida, zai zubar da aikin yinin ya sake daga farko, ko da mai kaya yana tsaye a ƙofa. Lokaci-lokaci akan aiko masa da samfuri daga cibiyoyi irin su FAPAS ta Birtaniya ba tare da an gaya masa abin da ke ciki ba, a jera amsarsa da ta ɗakunan gwaji na ƙasashe da dama. Cin irin wannan jarrabawa yana cikin abubuwan da ake dubawa kafin ɗakin gwaji ya riƙe shaidar ISO 17025, wadda ita ce ke sa wata ƙasa ta yarda da takardarsa.

Ya san haske yana lalata gubar da ke cikin ruwa, don haka a kwalba mai duhu yake ajiye ta. Ya san ƙurar niƙa tana iya cutar da shi, don haka ba ya aiki ba takunkumi. Ya kuma san tarkon da ke kama sabon shiga: fasasshiyar masara takan ba da walƙiya kore-kore a ƙarƙashin fitila, amma wannan daga wani sinadari ne daban da funfunar ke fitarwa. Alama ce ta a yi gwaji, ba ita ce gwajin ba.

Komawa gona

Awo kaɗai ba ya warkar da hatsi, don haka masanan suka bi gubar har inda take farawa. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren farko da aka yi wannan aiki, domin a shekarun 1960 dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, kuma Turai ce babbar mai saye. Masu bincike a Samaru, cikinsu McDonald da Harkness, suka riƙa auna gyaɗa daga cira zuwa shanya. Suka nuna cewa kwanson da ya fashe ko gara ta ci, da jinkirin cira bayan ta nuna, da shanyar da ta ɗauki lokaci ba ta bushe ba, su ne ƙofofin da funfunar ke shiga. Shawarar da malaman gona ke maimaitawa har gobe, a cire a kan lokaci, a shanya a kan tabarma ko tamfol ba a tsurar ƙasa ba, a bushe sosai kafin a zuba a buhu, a tsince, daga irin wannan awo ta samo tushe.

Daga baya aka zo da dabarar da ta fi wannan zurfi. Peter Cotty, masanin cututtukan shuka a Amurka, ya lura cewa a cikin dangin Aspergillus flavus akwai waɗanda sam ba sa iya yin guba. Ya gwada watsa irinsu a gonakin auduga na jihar Arizona domin su riga masu gubar kama wuri, abin kuwa ya yi. Masu bincike a cibiyar IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Ranajit Bandyopadhyay, suka ɗauki dabarar suka sake gina ta da funfunar gida. Suka tattaro dubban samfura daga gonakin Najeriya, suka raini kowanne, suka auna shi, suka binciki ƙwayoyin gadonsa, har suka tsaya a kan guda huɗu marasa guba masu ƙarfin gasa. Su ne ake shafawa a jikin gasasshiyar dawa, a rina ta shuɗi domin kada a ɗauka ta ci ce. Wannan shi ne Aflasafe. Manomi zai watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure. Gwaje-gwajen gona sun nuna gubar tana raguwa da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, kuma kariyar tana bin hatsin har cikin rumbu. Hukumar NAFDAC ta yi masa cikakkiyar rajista a 2014, ƙasashe irin su Kenya da Senegal da Ghana kuma kowace an haɗa mata nata daga funfunar ƙasarta.

Lambar da mai gwaji ke rubutawa a takarda shaida ce, kuma nauyinta biyu ne. Idan ya ƙara, ya karya manomi da ɗan kasuwa. Idan ya rage, ya buɗe wa guba hanya zuwa tukunyar wani. Wanda ya riƙe wannan amana tsakanin matsin mai kaya da ƙarancin kayan aiki da ɗaukewar wuta ya cancanci a girmama shi, kuma idan ya ce kaya bai ci jarrabawa ba, ya cancanci hukuma ta tsaya a bayansa.

Akwai gyaran da ya rage, kuma ba a hannun masu gwajin yake ba. Yawancin awon da ake yi, domin kayan da za a fitar waje ake yinsa. Gyaɗar da ta ci jarrabawa ta hau jirgi, wadda ta faɗi da wadda aka tsince ta dawo kasuwa da araha, ta shiga ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da yajin tsire da abincin kaji da na shanun tatsa. Ta haka ilimin da ya kamata ya kare mu sai ya zama yana tace wa wasu, ya bar mana ragowar. Muna da jami'o'in da ke yaye masana sinadarai kowace shekara, gwajin tsinken takarda kuma ba shi da tsadar da za ta gagari ƙungiyar 'yan kasuwa ko gwamnatin jiha. Abin da ya kamata mu nema shi ne a ajiye irin waɗannan gwanaye a manyan kasuwannin hatsi da injinan niƙa da wuraren da ake haɗa abincin makarantu, a kuma tanadi inda za a kai kayan da suka faɗi domin kada su koma tukunya. Masarar da za a dama wa yaron da ake yayewa ta fi wadda za a loda a jirgi buƙatar a auna ta.